Gwangwanin Gawayi a Ɗakin Baba

A shekarun farko bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa, ina aiki a sashen fassara na wani gidan rediyo a Kano. Ana miƙo mini takarda da Turanci in mayar da ita Hausa kafin lokacin shiri ya yi, wani lokaci kuma ni nake karantawa. Duk bayan mako biyu nakan hau mota ranar Juma'a in tafi Haɗejiya wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ita kuwa ba ta kiran sunana, domin ni ne ɗan farinta. Tun da na kama wannan aiki ta laƙaba mini ɗan rediyo, ta huta.

A lokacin Baba ya shekara uku da rasuwa. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, kuma likitan da ya duba shi daga ƙarshe ya ce dajin huhu ne. Sau biyu likitan ya tambaye ni ko Baba yana shan taba. Bai taɓa sha ba. Da Inna ta fita takaba sai ta kwashe kayanta daga ɗakinta ta koma nasa. Ba ta yi shawara da kowa ba, mu ma babu wanda ya ce mata don me.

Wata ranar Laraba aka ajiye mini gajeren rahoto na shirin kiwon lafiya, a kan wani gas mai suna radon. Rahoton ya ce daga cikin ƙasa da duwatsu yake fitowa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari ko hawaye a lokacin da ake shaƙarsa. A fili iska tana kwashe shi. Amma idan ya samu tsaga a daɓen ɗaki ya shigo, ɗakin kuma kullum a rufe, sai ya taru. Wanda ya yi shekara da shekaru yana shaƙarsa yana iya kamuwa da dajin huhu ko da bai taɓa riƙe karan sigari ba, mai shan taba kuwa haɗarinsa ya fi yawa. Babu yadda za a san yana ɗaki sai an auna.

Na fassara shi cikin ɗan lokaci, na karanta ba tuntuɓe. Sai da jar fitila ta mutu, mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu, sannan na lura cewa tun daga layi na uku ɗaki ɗaya nake gani a raina.

Baba ne ya gina ɗakin da hannunsa, da tubalin ƙasa, bangon mai kauri ƙwarai. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, can sama, kuma tun ina yaro ban taɓa ganinta a buɗe ba. Sauron fadama ba ya wasa, don haka an cusa mata tsohon zani, ƙyauren ma da la'asar ake rufe shi. Wata shekara da kogi ya cika, ruwa bai shigo gidanmu ta ƙofa ba, ta ƙasa ya tsatso. Da ya janye sai daɓen ya tsattsage. Aka cike da ƙasa, ya sake buɗewa, aka shimfiɗa tabarma a kai aka manta. Fiye da shekara talatin Baba yana kwana a nan. Yanzu Inna ce a ciki, kuma tun farkon damina take wani ɗan tari da ba ya tafiya.

Na san tarin ba hujja ba ce, da bakina na karanta cewa radon ba ya sa tari. Duk da haka na kasa raba su a kaina.

Maƙwabcinmu a Haɗejiya malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, mutumin Filato, Kirista, ya daɗe a unguwar har kowa ya san shi da Tica. In ya je gida yakan kawo wa Inna dankalin Turawa, ita kuma ta ba shi bandar kifi. Ranar Asabar na same shi a ƙofar gidansa yana duba takardun ɗalibai.

"Kai ne ka karanta abin nan?" in ji shi. "Na ji muryar. Na ce wa madam, yau mutanen rediyo sun tono abin da ko a aji ba na koyarwa."

Na ce masa ba na zo a yaba mini ba ne, na kwatanta masa ɗakin.

Ya ajiye jan biro. Ya ce a wajensu, kusa da tsoffin ramukan kuza, mutane sun daɗe suna kwasar yashin da aka zubar suna yaɓe gidaje da shi, har masu bincike suka riƙa zuwa da na'urori suna aunawa. "Amma can dutse ne. Ku nan laka ce da yashin kogi. A tunanina babu komai."

"A tunaninka."

"A tunanina, Malam. Gida biyu suna jingine da juna, wannan yana da shi, wancan babu. In ka ce in rantse, ba zan rantse ba."

Ya ce ƙanin matarsa yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, kuma ya taɓa ganin abin aunawa a wurinsa. Zai rubuta masa.

Bayan kamar wata guda abin ya iso. Gwangwani ne mai faɗi, kamar na man takalmi amma ya fi shi girma, an naɗe bakinsa da salatif. A ciki akwai gawayi da aka farfasa ƙanana, an rufe shi da ragar waya. Tica ya yi mini bayani. A buɗe murfin, a ɗora gwangwanin a kan tebur nesa da bango, a bar shi kwana uku, ɗakin yana yadda aka saba barinsa. Gawayin zai tsotsi abin da ke cikin iskar ɗakin. Daga nan a rufe, a naɗe, a rubuta lokaci, a aika da gaggawa, domin abin da ya tsotsa yana raguwa kullum. Ya ƙara da cewa danshi mai yawa yana rage ingancin awon, amma wannan ba abin damuwa ba ne, su can sun san yadda suke lissafa shi.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna a kan turmi na ajiye gwangwanin a gabanta.

"Mene ne a ciki?"

"Gawayi."

"Gawayi aka aiko maka daga jami'a? Da ka faɗa mini ai da na cika maka buhu."

Na yi mata bayani daki-daki, kamar ina gaban makirfo. Ban ambaci Baba ba, na ce dai saboda lafiyarta ne. Ta saurara har na gama, hannunta bai bar faifai ba.

"To," ta ce. "Ba a ganinsa."

"Ba a gani."

"Ba a jin warinsa, ba ya sa tari."

"Haka ne."

"To ta ina zai cuce ni?"

"Sannu a hankali, cikin shekaru."

"Tsufa ma haka yake yi, ban ga an aiko masa da gwangwani ba."

Amma ta yarda. Na lissafa mata ƙa'idoji: kada a rufe shi, kada a zubar da gawayin, kada a yi turare a ɗakin kwana ukun nan. A wurin aiki an horar da mu kada mu bar komai daga abin da ke takarda, saboda haka na ƙara da cewa danshi yana ɓata shi. Ban ce kada a ɗaga shi daga inda yake ba. Na ɗauka wannan ba sai an faɗa ba.

Ranar Lahadi da yamma na buɗe shi, na ɗora a kan ɗan teburin Baba, na tafi tasha. Muka shirya ranar Laraba da la'asar Inna za ta fito da shi zaure, tun da Tica ba ya shiga cikin gida, shi kuma ya rufe ya ba direban motar safe. Haka aka yi.

Amsa ta zo bayan mako uku, a takardar da aka yago daga littafin rubutu. Tica ya karanta mini a zaurenmu. Abin da aka samu kaɗan ne ƙwarai, kusan daidai da na sararin waje. A ƙasa ƙanin matarsa ya rubuta tambaya, wai ɗakin nan yana da rufi kuwa? Muka yi dariya. Na ji nauyi ya sauka daga kafaɗata, sai kuma na ji wani abu da ban yi tsammani ba, kamar an karɓe mini wani kaya. Wata biyu ina ganin na kusa sanin abin da ya kashe Baba, ga shi na koma inda na fito.

Na ɗaga murya na kira Inna, ta zo ta tsaya daga bakin ƙofar zaure. Na ce mata ɗakin lafiya lau.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ai na kula da shi. Ko sau ɗaya bai yi danshi ba."

Tica ya ɗago kai. "Mama, ta yaya kika kula da shi?"

"Kullum da hantsi in na fitar da shimfiɗa sai in ɗora shi a kan katanga ya sha rana, sai la'asar in mayar. Ranar Talata da hadari ya haɗo na sa shi a madafa kusa da murhu. Ranar da na kawo maka ma daga katangar na sauko da shi, ba ka ji ɗuminsa ba?"

Ƙarshen damina ne. A unguwarmu a irin wannan lokaci duk abin da mace ta damu da shi sai ta shanya shi: katifa, tabarma, daddawa, har takardun makarantar allo. Inna ta ɗauki gwangwanin a matsayin amana, ta yi masa abin da take yi wa kayan da take so.

Tica ya yi dariya har ya dafa bango. "Mama, kin auna mana sararin Haɗejiya kyauta!"

"Tica, kai da ka yi karatu, gawayi mai danshi yana kamawa?"

"Ba kunna shi za a yi ba, Mama."

"To ni na sani? Ɗan rediyo ne ya ce danshi yana ɓata shi."

Na tambaye shi ko abin da gawayin ya tsotsa da dare ba zai nuna komai ba. Ya share hawaye ya ce zafin rana yana fitar da shi, yini guda a kan katanga ya isa ya wanke shi. Takardar da ke hannunsa ba ta ce ɗakin yana da radon ba, ba ta kuma ce babu ba.

Muka nemi gwangwani na biyu. Aka ce sun ƙare, ana jiran wasu. Daga baya aka ce sun zo amma na'urar da ke karanta su ta tsaya, ana jiran wani ƙarfe. Na kai Inna asibiti saboda tarin. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce bai ji wani abin tsoro ba, ta dai rage zama cikin hayaƙi, ya ba ta magani, tarin ya lafa. Na yi murna, amma na san wannan bai ce komai game da ɗakin ba. Na shiga wani hali da ban saba da shi ba. A aikina, labari ko an tabbatar da shi a karanta, ko ba a tabbatar ba a ajiye. Wannan ba a tabbatar ba, kuma ba ya ajiyuwa, domin kowace rana Inna tana shiga ta ja ƙyaure.

Na ce mata ta koma tsohon ɗakinta, mai daɓen siminti da taga biyu, har a samu wani gwangwanin. Ta ce a'a. Zuwa na gaba na sake faɗa, ta ce in na gaji da zuwa Haɗejiya ne in faɗa mata kai tsaye. A zuwa na uku, bayan azahar, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin tana saƙa faifai, na faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Na ce ciwon da ya kashe Baba shi ne irin ciwon da wannan gas yake kawowa.

Ta daina saƙar.

"Kana nufin ɗakin da ya gina shi ya ci shi?"

"Ban ce haka ba."

"To me ka ce?"

"Na ce ban sani ba."

"A rediyon ma haka kake cewa, ba ka sani ba?"

Ta ce kwanansa ne ya ƙare, na ce haka ne. Ta juya ta dubi cikin ɗakin, ta daɗe tana kallon sama, wajen tagar.

"Shi ya so a bar ta a buɗe," ta ce. "Ni na toshe. Sauro yana hana shi barci, da asuba ya tashi fuska duk a kumbure. Zanin da ke ciki ma nawa ne."

Wannan ban taɓa kawo shi a lissafina ba. Na yi ta tunanin tsaga da daɓe da gawayi, ban tambayi kaina wa ya cusa zanin ba. Na ɗora mata abin da ba ni da shaidarsa, kuma ban san yadda zan sauke mata shi ba tare da na yi ƙarya ba. Na ce babu wanda ya san da wannan abu a lokacin. Na ce Tica da kansa yana ganin ƙasarmu ba irin mai fitar da shi ba ce. Na ce mutane da yawa suna kamuwa da wannan ciwo ba a san dalili ba. Duk gaskiya ne. Ta ce ta ji, ta ci gaba da saƙarta, amma ranar ba ta ci tuwo ba.

Na je wurin Tica na faɗa masa abin da na yi. Bai yi dariya ba a wannan karon.

"Malam, kai kana neman amsa ne, ita kuma ɗakinta take so. Ka bar amsar. Maganin ɗaya ne ko akwai ko babu. A toshe tsagar da siminti, a buɗe wa iska hanya ta shiga ta fita. In akwai shi, ya ragu. In babu, Mama ta samu ɗaki mai iska. Me aka rasa?"

"Ba za mu taɓa sanin yadda yake a da ba."

"Eh, wannan kam an rasa."

Na kwana biyu ina juya maganar. In aka yi gyaran, ko an kawo gwangwani goma daga baya, sabon ɗaki za su auna, ba wanda Baba ya kwana a ciki ba. In kuma na jira, Inna za ta ci gaba da kwana a tsohon har sai ranar da na'urar wasu ta tashi. Da na jera su haka sai na ga ba zaɓi ba ne mai wuya, ni ne dai ba na son sakin tambayar.

Inna ta yarda da simintin nan take, ta ce dama tsagar tana tara kiyashi. Sabuwar taga ce ta ƙi. Ta ce a cire zanin daga tsohuwar, a sa raga, ya isa. Tica ya aiko matarsa, madam, ta yi mata bayani cewa taga ɗaya can sama ba ta jan iska sai tana da abokiya a ɗaya bangon. Ban san abin da suka tattauna ba, sun yi fiye da sa'a guda a ciki, na ji suna dariya sau ɗaya. Da madam ta fito ta ce a kira magini. Na ɗauki hutu a wurin aiki don in tsaya a kan gyaran.

Ranar da maginin ya zo, Inna ta yi wa Tica izini ya shigo cikin gida, karo na farko tun da ya zo unguwar. Ya cire takalmi a bakin ɗakin, ya duba, ya zana murabba'i da alli a bangon da ke fuskantar tsohuwar tagar. Magini ya ɗaga guduma.

"Dakata," in ji Inna. "Ba nan ba."

Ta matso ta nuna. A cikin zanen allin, in ka lura da kyau, akwai sawun yatsu huɗu a jikin yaɓen, inda Baba ya shafa ƙasa tana ɗanya bai goge ba. Na girma a gidan nan ban taɓa ganinsu ba.

"Ku matsa gaba."

Tica ya auna da hannunsa, ya matsa kamu ɗaya zuwa wajen ƙofa, ya sake zanawa. Na tambaye shi ko nan ma zai yi. Ya ce bai kai wancan ba, amma zai yi.

"Hajiya, in fasa?" in ji magini.

"Fasa mana, ko sai an sanar a rediyo?"

Kwana huɗu ta yi a tsohon ɗakinta kafin simintin ya bushe, kullum sai ta je ta danna shi da yatsa. A rana ta biyar, kafin in karya kumallo, ta riga ta mayar da gadonta. Na tambaye ta yadda ta ga ɗakin. Ta ce siminti yana da sanyi a ƙafa, hasken kuma ya yi yawa, yanzu tana ganin duk lungun da ba ta share ba. Na ce in so take a sa labule. Ta ce a bar shi haka, ta miƙo mini tsintsiya ta ce in fara da bayan ƙyaure.